Tseren Ranar Talata

A ofishin wasanni na kwalejin tebur biyu ne kawai, sai wata fanka mai juyawa kamar tana gyangyaɗi. Tebur ɗaya na Ma'aji ne. Ɗayan kuwa na dattijon da kowa ke kira Mai Alli, don shi ke rubuta jadawalin wasanni a allon bango. Shekara ashirin da biyu ke nan yana sa tseren ɗalibai ranar Asabar, ranar da iyaye da ƙanne ke samun zuwa kallo.

Wata safiya Ma'aji ya shigo da takarda a hannu.

"Baba, a goge Asabar ɗin nan, a mai da tseren Talata. Masu koyar da tuƙi sun yi hayar filin."

"Motoci? A filin gudu?"

"Da kuɗinsu za mu sayi tayoyin bas. Ko goya 'yan ƙwallo za ka yi zuwa wasan waje?"

"Talata kowa yana aji, ɗana. Wa zai kalli yaran?"

"Gudu za su yi, Baba, ba rawa ba. Agogo ya ishe su."

Mai Alli ya kai kuka wurin shugaban sashe. Shugaban ya saurare shi yana danna waya, ya ce a yi haƙuri. Mai Alli ya dawo ya goge Asabar da hannunsa. Daga ranar magana ta ɗauke tsakanin teburan biyu, ko gaisuwa sai da ka.

Asabar ta farko sai da Mai Alli ya je filin. Ya tsaya a bakin shinge yana kallon motoci uku suna rarrafe a kan layukan da ya shafa wa fenti. Ya duba agogo: wata mata mai koyon tuƙi ta yi zagaye ɗaya a minti huɗu. Ko ɗalibinsa mai ciwon gwiwa ya fi ta sauri.

Ranar Talata da hantsi masu tsere takwas suka jeru, waɗanda malamansu suka bari su fito. A kan bencinan kallo babu kowa sai shi. Aka busa usur. Ya fara tafi, ya ji tafin ya yi ƙanƙanta a wannan fili, kamar ɗigon famfo. Sai ya hau bencin sama ya tafa, ya gangara hagu ya yi ihu da siririyar murya, ya ruga dama ya yi da babba, don in sun zagayo su ji kamar da jama'a.

Ɗalibar da ta zo ta ɗaya ta juyo tana neman masu ihun. Ta duba sama, ta duba hagu da dama, sannan ta gan shi dafe da ƙarfen benci, yana haki fiye da ita. Ta ɗaga masa hannu. Ya so ya ce mata sannu, amma numfashinsa bai dawo ba tukuna.