Tikitin Gangar Kawu Ilu

Jiya da dare, da tikiti guda ɗaya a ƙarƙashin matashina, na yi wani mafarki.

Sai an san zancen tikitin kafin a gane mafarkin. Ƙungiyar ƙwallon garinmu, Zaratan Kwarin Gauta, ta kai wasan ƙarshe na neman gurbin shiga babbar gasa: a ci a hau, a sha kashi a jira baɗi. Da masu filin suka ga haka, sai suka tsauwala kuɗin shiga, suka kuma soke al'adar da muka tashi muka tarar, ta barin makaɗa su shiga kyauta. Kawuna Ilu shi ke buga wa ƙungiyar babbar ganga tun ina goye. Yanzu idonsa ya yi rauni, ni nake riƙe shi a hanya. Na kakkaɓe aljihu, abin bai kai na mutum biyu ba. Na yanki ɗaya, don ni kaɗai, na kwanta ban gaya masa ba.

A mafarkin rana ce tsaka, kuma ana ruwa. Daga ƙasa ruwan yake tasowa yana tafiya sama, don haka kowa ya kifa lemarsa ya tsaya a ciki. Layin yankan tikiti da baya yake tafiya, wanda ya riga zuwa shi ne na ƙarshe. Mu da muka yi sammako har layi ya kai mu bayan mahauta. Babu wanda abin ya dama. Kawu na dafe da kafaɗata, ganga rataye a wuyansa.

"Mati," ya ce da ni, "juya mu yi kamar za mu gida."

Muna juyawa sai ga mu a bakin taga.

Wani bunsuru ne a ciki, da tabarau, gabansa sikeli irin na masu sayar da nama. Na gaishe shi, ya amsa yana tuƙa.

"Ranka ya daɗe, nawa ne tikiti?"

"Ya danganta. Ɗora hannunka nan."

Na ɗora. Sikelin ya nutse har ya taɓa tebur.

"Ayya," ya ce, da tausayi na gaske a muryarsa. "Kana son ƙungiyar nan ƙwarai. Naka zai yi tsada."

"Na ɗauka mai so ake wa ragi."

"Wanda zai iya juyawa ya tafi shi ake wa ragi. Kai ina za ka?"

Gaskiya ya faɗa. Ana cikin haka wani mai farar babbar riga ya zo ya tambaya ko yau ƙwallo ake yi ko dambe. Bunsurun ya miƙe tsaye, ya ba shi tikiti, ya ƙara masa da ruwan sanyi.

Kawu ya lalubi sikelin ya ɗora nasa hannun. Allurar ta zagaya, ta sake zagayawa, sannan ta fice ta taga ta bar garin.

"Baba, ka yi haƙuri," in ji bunsurun. "Ba a buga tikitin da ya kai naka tsada ba." Sai ya sauke tabarau ya ƙura wa gangar ido. "Wannan kuma fatar ƙanin babana ce. Na gane shi. Shi ma sai ya biya."

A wasan neman gurbi, ashe, ba a karɓar kuɗi. Bunsurun ya miƙo mini wata jarka ya ce in yi ihun da na saba yi in mun ci ƙwallo. Na sa baki na ce, "Zarata!" Ya yi maza ya toshe jarkar, ya jera ta a kanta tare da sauran. Shi ke nan, muryata ta tafi. Kawu kuma ya biya wa gangar da sandar kiɗanta. Ya cire igiyar daga wuyansa ya rataya mini.

"Shigar da ita. Ba ta taɓa fashin wasan gida ba. Ni zan jira a buɗe ƙofa."

A filinmu, in wasa ya kusa tashi, ana buɗe ƙofa na waje su shigo su ga ƙarshensa. Wannan yake nufi. Na so in ce masa a'a. Ba ni da murya, kuma ƙafafuna sun riga sun shiga.

Filin cike yake maƙil, amma ko tari babu. Manyan riguna ne zaune jere, wasu da mutane a ciki, wasu babu. Duk sun ba wa fili baya suna ɗaukar kansu hoto. Ɓangaren rana, inda muke gasuwa shekara da shekaru, an shimfiɗa masa darduma an kafa rumfa. Gangar tana da kujerarta kusa da tawa. Mai gyaɗa ya zo ya yi mata tayi, ni bai kalle ni ba.

Alƙalin wasa, wani zabo, ya busa usur. 'Yan wasanmu suka tsaya cirko-cirko suna dube-dube. Kyaftin ɗinmu, Barau, ya tako har bakin layi, ya yi wa idonsa inuwa da hannu.

"Malam, don Allah, nan gida ne ko waje?"

Na buɗe baki. Iska ce kawai ta fita.

Ya dubi gangar ya ce, "Ina mai ita?"

Baƙi suka ci mu ba tare da sun yi gudu ba. Ƙwallon da kanta ta gangara cikin ragarmu kamar mai neman wurin fakewa. Na rungumo gangar na doke ta da tafin hannu, ta yi wani sauti irin na jiƙaƙƙen tsumma. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Ga ni a ciki, a inuwa, a kan darduma, kuma ban da amfanin komai.

Sai aka fara bugun ƙofar ƙarfe daga waje.

A hankali ake bugun, da nauyi. Na san shi. Kiɗan da Kawu ke yi ne in an ci mu, wanda ba ya zuga kowa, sai dai ya ce muna nan. Wasu hannuwa suka karɓa, sannan wasu, har katangar filin gaba ɗaya ta ɗauka. 'Yan wasanmu suka ɗaga kai. Barau ya ja ƙwallo, bai nufi ragar baƙi ba, ya nufi ƙofa. Turakun ragar suka tuge kansu suka bi bayansa.

Muryar bunsurun ta fito daga lasifika: "Ana sanar da duk wani sautin da bai yanki tikiti ba da ya koma waje."

Lokacin buɗe ƙofa ya yi. Bunsurun ya zo da makulli a baki, ba ya sauri. Na riga kowa isa, ganga na dukan gwiwata. Ƙofar ta buɗe.

Babu kowa a waje. Takalma ne kawai a layi, bibbiyu, har bayan mahauta. Na gaba silifas ɗin Kawu ne, da ɗinkin da na yi masa da waya. A jikin ƙofar fenti ya goge daidai wurin tafin hannunsa.

"Ruwa ya tafi da su," in ji bunsurun, ko da yake ban tambaya ba. "Wanda aka bari a waje haka yake ƙarewa. Amma ciniki ya yi kyau bana."

Na ɗaga kai ina neman sa cikin ruwan da ke hawa. Na so in kira sunansa ko sau ɗaya, muryata tana can cikin jarka. Bugun kuwa bai tsaya ba. Babu hannu a ƙofar, amma ana bugawa, ana bugawa.

Na buɗe ido. Ƙofar langalangar ɗakina ce ake duka, gari ya waye, mai koko har ta fara kira. Na buɗe. Kawu Ilu ne, cikin koɗaɗɗiyar rigar ƙungiya, ganga a wuya, sanda a hannu.

"Mati, rana ta yi. Ka samo mana?"

Na koma na ɗaga matashi. Na zura masa tikitin a aljihun gaba, na danne da hannu.

Ya shafa wurin. "Guda ɗaya nake ji. Naka fa?"

Na gyara murya. Ta fito a dushe, amma ta fito.

"Nawa sai an buɗe ƙofa, Kawu. Kai dai ka buga da ƙarfi, yadda mu na waje za mu ji."