Dutsen da Farfesa Ya Zaɓa

A sashen nazarin duwatsu na jami'a babu mai kiran shugaban sashen Farfesa idan ya ba da baya. Na-Riga-Na-Faɗa ake ce masa, domin duk abin da wani ya gano, ko jiya aka tono shi, sai ya gyara zaman tabarau ya ce ai shi ya faɗi haka tun tuni.

Wata malama a sashen, wadda kowa ke kira Dakta, ta fi kowa sanin halinsa. Shekara shida ta yi tana bin diddigin yadda ƙasan teku ya buɗe a zamanin da, lokacin da narkakken dutse ke ɓulɓulowa daga tsakiya, ya daskare, ya ture tsohon gefe da gefe. Ta yi kwana arba'in a jirgin ruwan bincike, amai da safe, aiki da rana, har aka haƙo mata sandunan dutse da suka cika akwati ɗari da goma sha biyu. Da ta auna shekarunsu, sai ta ga waɗansu duwatsu suna maƙwabtaka da juna, amma ɗaya ya girmi ɗaya da shekara miliyan tara. Babu yadda za a yi haka sai in wani babban tsagi ne ya yanka wurin, ya ja ɓangare guda ya kai shi nesa da inda ya daskare.

Ta rubuta, ta kai masa. Ya juya shafi biyu yana hamma.

"Dakta, na'urarki ce take zazzaɓi," in ji shi. "Ki je ki huta."

Ya sa jan biro ya rubuta "tatsuniya" a bangon takardar, ya miƙo mata ba tare da ya ɗago kai ba.

Bayan shekara biyu wasiƙa ta zo. Waɗansu masana daga wata ƙasa sun yi nasu awon, ya zo daidai da nata da suka karanta a wata mujalla, suna son su zo su ga duwatsun da idonsu. Ranar Farfesa ya tuna cewa ai shi ya riga ya faɗa. Ya sa aka yi wa ɗakin taro fenti, ya ɗinka sabuwar kwat, ya ce da Dakta ta zauna can ƙarshen tebur ta riƙa sauya masa hotuna a majigi.

Baƙin su huɗu ne. Shugabarsu wata tsohuwa ce gajera, takalminta ya ci ƙasa, ga ɗan gilashin duba dutse rataye a wuyanta. Farfesa ya yi minti hamsin yana zuba. Ya ce "bincikena" sau goma sha ɗaya, Dakta tana ƙirgawa a ranta. Sau biyu ya kira gabas yamma.

Da ya gama, tsohuwar ta ce, "Mun ji. A nuna mana dutsen da aka ciro daga bakin tsagin."

"Ai yanzu kuwa!"

Ya shige gaba zuwa ɗakin ajiya, ɗakin da tun da aka gina shi ƙafarsa ba ta taɓa taka shi ba. Sai da ya tura ƙofar banɗaki tukuna mai shara ta nuna masa wadda ke kusa. Ciki akwatuna ne jere har rufi, kowanne da lambarsa. Dakta ta matso za ta jawo na arba'in da bakwai, ya ɗaga mata hannu.

"Bari, Dakta. Na san kayana."

Ya waiga hagu, ya waiga dama, idonsa ya faɗa kan wata sandar dutse mai sumul a kan benci kusa da injin yanka. Ya ɗauke ta da hannu biyu kamar jariri ranar suna.

"Ku duba nan. Shekara miliyan tamanin ke nan a hannuna. Ku ga launin, ku ga yadda ruwan teku ya dafa shi."

Dakta ta san abin da ya ɗauka. Tana iya yin tari, ko ta ce ranka ya daɗe ga wani ya fi kyau. Ta dubi silin, ta ja bakinta ta tsuke.

Tsohuwar ta karɓa, ta kanga gilashinta, ta ɗan kankare gefe da farce. Ba ta yi dariya ba, abin da ya fi dariyar ciwo ke nan.

"Wannan siminti ne," ta ce.

Siminti ne kuwa. Makon jiya makanikin da ya gyara injin ya huda bulo don ya gwada sabon haƙorin da ya sa wa injin, ya bar guntun a nan. Ɗaya daga cikin baƙin ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa.

"Madalla!" in ji Farfesa, gumi na bin wuyan sabuwar kwat. "Dama gwada ku nake yi. Dakta, wa ke barin shara a ɗakin nan?"

Tsohuwar ta juya ga Dakta.

"'Yata, wane akwati ne?"

"Na arba'in da bakwai, Baba."

Awa uku suka yi a durƙushe kan duwatsun suna gardama, suna zane a bayan ambulan. Farfesa ya tsaya minti goma yana gyaɗa kai, sannan ya tuna yana da wani taro.

Washegari sanarwa ta fito a allon sashe, da sa hannunsa da hatimi: an haramta shigar da siminti ɗakin ajiya. Rahoton da ya aika wa hukumar jami'a kuwa ya ce baƙi sun yaba da jagorancinsa matuƙa.

Wata guda bayan haka tsohuwar ta aiko wa Dakta gayyata zuwa jirginsu, wata uku a teku. Dole sai shugaban sashe ya sa hannu. Ya riƙe takardar kwana tara kafin ya kira ta ofis.

"Na amince ki je," ya ce. "Amma duk abin da kuka samu ki fara aiko mini, in duba miki kurakurai kafin ki ba mu kunya."

"To, ranka ya daɗe."

Ta karɓi takardarta, ta duba sa hannun da kyau ko a gurbin da ya dace ya yi shi, sannan ta fita.