Abin da Ke Bakin Kifin Baba Msosa

"Ko cokali ɗaya ne, Baba. Don Allah."

Baba Msosa ya kau da kai daga kunun da nake miƙa masa. Na san ba raini ba ne. Abin da ya tsiro masa a maƙogwaro ya kai girman ƙwan kaza, ya tare hanyar abinci, ya tafi da muryarsa tun farkon damina. A asibitin garin Salima sun ce a dawo da shi gida, kowa kuwa ya san ma'anar wannan. 'Yarsa guda tana can Afirka ta Kudu tana aikatau. Bangon ɗakinsa shi ne bangon ɗakina, shi ya sa jinyar ta faɗo a kaina. Mijina Twaibu yana tsibiri wajen kamun kifi, sai wata ya yi haske zai dawo.

A nan Senga, garinmu na bakin tafki, kifi abinci ne. A kama, a feɗe, a shanya, a ci da tuwo. Baba Msosa kaɗai ne yake ciyar da kifi maimakon kifi ya ciyar da shi. Ƙuruciyarsa duk a ƙarƙashin tafki ya yi ta, yana nutso tsakanin duwatsu yana kamo wa wani kamfani 'yan kifaye masu launi, ana tura su ƙasashen waje a jirgin sama. Kifayensa sun ga duniya, shi ko a Lilongwe, babban birninmu, bai taɓa kwana ba. Da ƙarfi ya ƙare, sai ya dawo gida da akwatunan gilashi biyu, babba da ƙarami, da wani ɗan inji mai hura iska a ruwa, wanda gunjinsa ke ratso bango har kan gadona.

Lokacin yana da murya, surutunsa ya ishi unguwa. Shi ya koya mini kula da su, yana yi yana tsokana.

"Asiyatu, hannunki ya yi nauyi. Ba Twaibu kike ciyarwa ba. Yunwa ba ta kashe kifi, ƙoshi ke kashe shi."

"To Baba, ai tausayi suke ba ni."

"Tausayinki ne zai ruɓar musu da ruwa. Kuma kada ki sake ki ɗebo musu ruwan tafki da bokitin wankinki. Sabulu guba ne."

Ya nuna mini wanda ya tattare fikafikai ya koma lungu, ya ce wannan ba shi da lafiya. Wanda ke korar 'yan'uwansa yana tona yashi kuwa ƙalau yake, gida yake ginawa. In aka ɗauke wuta injin ya tsaya, in ɗebi ruwan da kofi in riƙa zubowa daga sama, don iska ta shiga. In na kafa fuska a jikin gilashi sai ya yi dariya ya ce, "Kifi na ganinki, mai jar koma."

Akwai wani shuɗi mai baƙin ratsi. A makon da Baba ya daina haɗiyar tuwo, a makon shi ma ya daina cin abinci. In na zuba gari sauran su yi ta wawa, shi ya matso, ya duba, ya juya bakinsa a rufe. Sannan ƙasan haɓarsa ya kumbura. Baba ya lallaɓa da sauran ƙarfinsa ya kamo shi da 'yar raga, ya sa shi shi kaɗai a ƙaramin akwatin, ya ajiye daidai kansa. Daga ranar bai sake sauka daga gado ba.

Da safen nan a bakin famfo, Nachisale mai sayar da kifi ta tare ni. Tsohuwa ce mai ido a kan kowace taga.

"Ke Asiyatu, ashe kifin tsohon nan ma wuyansa ya kumbura?"

"Wa ya gaya miki, Inna?"

"Idona. Mutum ya daina ci, kifi ya daina ci. Wuya ya kumbura nan, ya kumbura can. Ruwa ba ya tsami banza. Ga jikana kwance, jiki kamar garwashi."

"Zazzaɓin sauro ne, ku kai shi asibiti."

"To, likita. Ke dai ci gaba da shiga da goyo a baya. Wanda ya ba kifi ajiyar ransa, da me kike zato yake ciyar da mai ajiyar?"

Na yi tsaki na ɗauki bokitina. Amma maganar ta biyo ni har gida, tana tare da ni lokacin da nake dama kunun.

Yanzu na ajiye kwanon a ƙasa, na gyara goyon 'yata Sumini zan fita, sai Baba ya kama bakin zanena. Ya nuna shuɗin kifin. Ya buɗe bakinsa, ya cusa yatsu biyu a ciki. Sannan ya miƙa hannu ya taɓa ƙafar Sumini da ke lilo a kwankwasona. Idanunsa suna ƙyalli. Da ya ga na tsaya ƙiƙam, sai ya maimaita a hankali don in gane: kifi, baki, yarinya. Har da ɗan murmushi.

Ban san lokacin da na fizge zanena ba. Na tsinci kaina a waje, ƙafa ba takalmi. Nachisale tana bakin ƙofarta tana juya kifi a kan shanya.

"Me ya yi miki?"

"Ba komai, Inna."

"Ba komai ne ke sa mace gudu ta bar takalmi?"

Ban faɗa wa kowa abin da na gani ba. Ba a ma buƙaci in faɗa ba, gudun nan ya riga ya ba da labari. Kafin azahar magana ta zagaya unguwa, an ce Baba Msosa maye ne, kifin nan ne ma'ajin kurwarsa. Jikin jikan Nachisale ya ƙara zafi, uban yaron, ɗanta Lameki, ya fara tara samari a gindin mangwaro. Bara an ƙona wa wata tsohuwa ɗaki a wani ƙauye bayan dutse kan irin wannan magana, kuma har wadda ke kai mata abinci ba ta tsira ba. Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne yadda dattawa suka fara cewa, ko ya mutu babu mai taɓa gawarsa. Mutumin da ya yi shekaru a sahun gaba a masallaci, a bar shi ba wanka ba salla.

Ina tsoron mutane, ina tsoron Baba, ina kuma jin kunyar tsoron da nake yi masa. Na ci gaba da shiga, amma sai na bar Sumini wajen ƙanwar mijina. In ajiye kunu, in jiƙa masa leɓe da ruwa, in watsa wa kifaye gari, in fita ban haɗa ido da shi ba. In ya ɗaga hannu zai nuna akwatin, sai in yi kamar ban gani ba. Daga baya ya daina ɗagawa.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ina tankaɗe, sai gunjin injin ya yanke. An ɗauke wuta. Shiru ya sauka a gidan, irin shirun da ke sa mutum ya ji numfashinsa. Sai na ji ƙwanƙwasa ta bango. Cokali ne ake bugawa a ƙarfen gado, a raunane, a tsaya, a sake. Ƙanwar mijina ta tafi kasuwa, babu wanda zan bar wa Sumini. Na ce zan yi kamar ba na nan. Ƙwanƙwasar ta ci gaba, tana ƙara rauni. Na ɗaure yarinyar tamau, na ƙara ɗankwali a kan zanen, na yi bisimilla na shiga.

Ɗakin ya yi zafi. Kifayen babban akwatin duk sun taso sama suna buɗe baki. Na ɗauki kofi na yi ta ɗiba ina zubowa har suka fara komawa ƙasa. Baba yana numfashi da ƙyar, kamar ana jan zarto. Ya saki cokalin, ya nuna ƙaramin akwatin. Sai na zagaya daidai kansa kafin in kai gare shi, inda hannunsa zai iya kaiwa ga bayana. Na juya goyon ya koma gefen bango, na tsoma kofin. Shuɗin kifin yana maƙale a bayan dutse, ya rame, haɓar nan ta yi baƙi ta cika kamar za ta fashe.

A nan na ji takun mutane. Suka tare hasken ƙofa. Lameki ne a gaba da taɓarya a hannu, uwarsa a bayansa, sauran suna leƙe ta kafaɗa.

"Yaya Asiyatu, matsa."

"Lameki, mutumin nan mutuwa yake yi. Ka ji tsoron Allah."

"Nawa ɗan ma mutuwa yake yi. Ba zan taɓa tsohon ba. Kwalbar nan zan fasa, ya saki abin da ya kama."

"Ka gan ta ko," in ji Nachisale. "Har ita ke ba shi ruwa. Sai da na faɗa."

Zan so in ce jarumtaka ce ta tsayar da ni a gaban akwatin. Ƙafafuna ne suka ƙi motsi. Sumini ta farka ta fara kuka, Lameki ya shigo ya ture ni da kafaɗa, ya ɗaga taɓaryar har ta taɓa kwanon rufi. Sai ya tsaya a haka.

Kifin ya fito daga bayan dutse, ya sauka kan yashi, ya buɗe baki. Wasu abubuwa ƙanana suka fito, kamar ƙwayar shinkafa mai ido. Suka ci gaba da fitowa, suka watsu kewaye da shi suna kaɗa wutsiya. Lameki ya sunkuya, inuwarsa ta faɗa kan gilashin. Nan take 'yan abubuwan suka ruga, kifin ya wangale baki ya kwashe su tas.

"Innalillahi," wata ta ce daga ƙofa. "Ya haɗiye su."

Babu wanda ya motsa. Lameki ya ja da baya taku guda, haske ya koma kan ruwan. Can sai kifin ya sake buɗe baki, suka sake fitowa, rayayyu, babu wanda ya ɓace.

Nachisale ta matso ta durƙusa, gwiwoyinta suna ƙara. Ta daɗe tana kallo.

"Mace ce," ta ce a hankali. "Goyo take yi."

Sai kaina ya buɗe. Kifin chambo nawa na feɗe a rayuwata na tarar da ƙwai cike da bakinsa, na kankare na zubar? Nachisale ta tsufa a kan kifi, Lameki a cikin kwalekwale ya girma. Duk mun san uwar kifin tafkin nan a baki take renon 'ya'yanta, ba ta ci ba ta sha sai sun yi ƙwari. Amma mu a mace muka saba ganin kifi, a kan faranti, ba mu taɓa kallon rayayye ta gefe yana harkarsa ba. Kifi, baki, yarinya. Tsoho albishir yake yi mini, yana cewa ga wata mai goyo irina.

Na juya da sauri. "Baba, na gane. Goyo ne, irin nawa. Baba, ka ga sun fito?"

Fuskarsa tana wajen akwatin, idanunsa a buɗe. Ƙarar zarton nan ta daina, ban san tun yaushe ba. Na kama hannunsa, da sauran ɗumi. Na kwance goyon na ɗora tafinsa a kan ƙafar Sumini, amma yatsun ba su rufe ba. Ko ya ji ni, ko ya ga fitowarsu, ban sani ba, kuma wannan rashin sanin yana ci mini rai har yau.

Nachisale ce ta rufe masa ido. Ta miƙe tana share fuska da gefen zane, ta dubi ɗanta.

"Me kake jira? Je ka kira liman. In ka dawo ka nemo keke mu kai yaron nan asibiti."

Lameki ya jingina taɓaryar a bayan ƙofa ya fita kansa a ƙasa. Shi ya yi ta jigilar ruwan wanka daga famfo, shi ya kama gaban makara bayan la'asar. Mutanen da suka ce ba za su taɓa gawar ba suka cika layi har bakin hanya, ba wanda ya dubi wani.

Da suka tafi maƙabarta na koma ɗakin in kwashe kwanuka. Taɓaryar tana nan inda aka manta da ita, kunun safe ya sandare a ƙarƙashin gado. Ina tsaye aka dawo da wuta, injin ya yi tari ya kama, kumfa ta fara tashi a cikin akwatunan. Na ɗebi gari da bakin yatsu biyu, ɗan kaɗan, na murza a kan ƙaramin. Uwar ta dubi 'ya'yanta a gindin dutse, ta taso a hankali, ta buɗe baki ta ci.