Tattabarun Ja'afaru

"Motar ta wuce Jos?" Ja'afaru ya tambaya, idonsa a kan ƙofar zaure.

"Ta ƙara lalacewa a hanya, Baba," in ji 'yarsa A'i, tana goge masa baki da gefen mayafi.

Ɗansa Sabitu yake jira, wanda ya tafi Fatakwal koyon kanikanci tun yana saurayi, sai dai a ji shi a waya. Ni kuwa katanga ɗaya ce tsakanina da Ja'afaru a unguwar Ƙofar Ran tun muna yawo ba wando, don haka ban taɓa tauna masa magana ba.

Na ce, "Na faɗa maka tun ranar, kar ka sake shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi."

Ya yi 'yar dariya, tari ya sarƙe shi. "Mika'ilu sarkin faɗa. Ka manta tattabarunmu?"

Ina zan manta? Muna yara muka yi ta dakon itace har muka sayi tattabaru a kasuwar Wunti, wai su hayayyafa mu riƙa sayarwa. Aka ce mana sabuwar tattabara gidan tsohon ubangidanta take komawa. Sai muka zuba su a tukunya, muka liƙe bakin da laka, muka bar 'yar kafa kamar hancin allura. Lokacin bazara ne. Da muka fasa washegari, ko ɗaya ba ta motsi. Garin neman gira muka rasa ido.

"Tun daga ranar ban ƙara liƙe wa mai rai ƙofa ba," ya ce.

"Ni abin da na koya, a bar kafa mai faɗi, amma a liƙe."

"Shi ya sa 'ya'yanka suke gabanka, ba mai iya dariya in ka shigo."

A'i ta sunkuyar da kai.

"Zai zo," ya ce a hankali. "In ya zo, kar ka yi masa faɗa. Ka ji, Mika'ilu?"

Bai kai la'asar ba. Muka yi masa wanka, muka sa shi a likkafani. Liman ya ɗan jinkirta, ya dubi rana, ya ce ba a ajiye gawa don mai tafiya.

Mun ɗauko makara mun kai bakin lungu ke nan, sai ga keke mai ƙafa uku ya tsaya. Wani mutum ya fito, da furfura a gemu, rigarsa duk ƙurar hanya. Da ƙyar na gane Sabitu ne. Faɗan da na tanada ya taso mini har wuya.

Ya yar da jakarsa a gefen kwata, ya tsaya yana duban farin ƙyallen. Na zame kafaɗata daga ƙarƙashin makarar, ya sa tasa.