Hannun Japan a Zauren Kalgo

"Ya ce cikinai ka murɗa," in ji Inna Abu.

"Haba Inna, ba haka na ce ba."

"To mi ka ce, maigidana? Ka dafe ƙirji, ka shafa ciki, ka ɗaga ɗan yatsa sama. Ko a asibiti haka ake kwatance."

Rahmatu na zaune a kan tabarma, ta toshe baki da gefen hijabi, kafaɗunta na rawa. Sanƙarau ne ya tafi da jinta tun tana ƙarama. Tana iya magana, sai dai ba kowa take yi wa asarar muryarta ba. Tun ran da na fara zuwa zance Kalgo daga Gwandu ta rubuta mini sharaɗinta a ƙasa da tsinke: ba za ta auri wanda sai da tafinta zai ce yana sonta ba. Yau ce ranar gwaji, kakarta Inna Abu kuma ta naɗa kanta alƙali.

Ni kuwa da shirina na zo. Ƙanwata ce ta turo mini manga a waya, wato littafin zane na Japanawa, labarin wata kurma da saurayin da ya koyi maganar hannu a ɓoye dominta. Na yi kuka shaɓe-shaɓe a shafin da ya tsaya bayan gilashin jirgin ƙasa yana zayyana mata zuciyarsa da yatsu. Damina guda na kwashe a gonarmu ta Masama ina kwaikwayon hotunan nan, har maƙwabcin gonarmu ya ba Baba shawarar a yi mini ruƙiyya.

Ba wanda ya gaya mini kuramen Japan da na Kalgo ba yare ɗaya suke yi ba.

Na yi ajiyar zuciya, na sake jero alamun a hankali, idanuna cike da hawaye.

"Yanzu kuma sauro yake kora," in ji Inna.

Rahmatu ta miƙo hannu ta karɓi wayar. Ta dubi saurayin littafin, ta dube ni, ta yi wa kakarta alama.

"Ta ce ya fi ka gashi."

Ta ci gaba da jan shafuka. Dariyar ta ragu da ta ga kowane hannu na zagaye shi da jan layi, tun daga farko har ƙarshe. Ta kafa mini ido.

"Ka faɗi gwajin, yaro," in ji Inna, tana maimaita wa Rahmatu da hannu. "Mu tashi, la'asar ta yi."

Na miƙe zan tafi. Ina laluben takalmi sai na ji muryar Rahmatu, wadda ban taɓa ji ba, mai kauri, ta cika zauren har kaji suka watse a waje.

"Inna, ke ki tashi. Ya faɗi, amma ni zan koya mashi. Ba tafinta."