Ɓerayen Dokta Abdulmajeed

Ranar sunan ɗan Muniratu a unguwar Maamobi ta Accra aka ba Abdulmajeed maik. Ɗan kawuna ne, ya dawo daga Jamus da digiri da ɗan gemu. A da Maji muke ce masa, yanzu sai an ce Dokta yake juyowa.

Ya tsaya ƙarƙashin rumfar kanofi ya ce aikinsa ƙera ƙwayoyin roba ne, ƙanana, ido ba ya ganinsu. A cusa musu magani, su kai shi har cikin ƙwayar jini, su gyara abin da mutum ya gada. "Sikila ma ta kusa zama tarihi!" Aka yi tafi. Rabin maganar da Turanci ya yi, shi ya sa tafin ya yi ƙarfi.

Ƙanwata Barikisu sikila gare ta. Mma, mahaifiyarmu, na jin haka ta kwashe maganin asibiti ta ɓoye. A gidanmu ba a haɗa magani biyu a jiki ɗaya, sai na farko ya fita tas. Wai hanya take share wa na Dokta. Ban sani ba sai da Barikisu ta fara birgima a tabarma tana riƙe ƙafa. Aka kwantar da ita, aka sallamo ta, Mma dai ta kafe: na Maji na zuwa.

Na same shi a unguwar Kanda yana cin shinkafa da wake da cokali mai yatsu.

"Maji, maganin nan naka, mutum nawa ya warkar?"

"Muna matakin gwaji, ƙanwata. Kimiyya tana son haƙuri."

"Gwaji a kan wa?"

Ya goge baki. "Ɓeraye."

"Sun warke?"

"Wasu."

"Masha Allah, a gaishe su. Tashi mu je ka faɗa wa Mma."

Wai abin zai yi wa tsohuwa wuyar fahimta. Na ce ai da maik ta fahimce ka sarai. Na tusa shi a trotro, motar haya, shi da kwat ɗinsa.

Gaban Mma ya fara Turanci, na ce ya yi da Hausa.

"Gwaggo, ba a gama ba. Da saura sosai. Ba ni da abin da zan ba ta."

Mma ta miƙe ta buɗe kwanon ƙarshe a jeren kwanukanta, ta fito da maganin, ta miƙa wa Barikisu da ruwa. Sai da ta ga ta haɗiye sannan ta juyo.

"Ashe ɓera ne ya kai ka Jamus? Da ka yi magana, ai ga su nan fal a kwata."