Baba da Saƙonnin Bakanike

Auta tana aiki a wani ƙaramin kamfani mai manhajar tace saƙonnin damfara. Wanda saƙon banza ya shigo wa sai ya danna masa alama, in alamu suka taru a toshe mai turowa ga kowa. Sai dai ba duk alama ce ke da nauyi ɗaya ba. Wanda ya daɗe yana faɗar gaskiya makinsa na amana sama yake, kuma aikin Auta ne ta hana a yi wasa da wannan makin.

Babanta, tsohon direba, tun da ya ajiye aiki ya mai da farautar 'yan damfara sana'a. Kullum yana kan benci a ƙofar gida, tabarau a kan hanci, yana danne-danne a waya. Ko baƙo ya zo sai ya nuna masa makinsa.

Wata safiya manhajar ta riƙe wasu alamu, ta ƙi aiki da su. Mutane ne masu maki sosai suka taru a lokaci guda kan wata lamba da shekara da shekaru ba wanda ya yi kuka da ita. Auta ba ta ganin sunaye, amma ta ga saƙon: "Motarka ta tashi, ka zo ka ɗauka kafin in sayar da tayoyin." Ta kama baki. Mutum ɗaya ta sani mai irin wannan barkwanci, bakaniken layinsu, aminin Baba.

Da yamma ta same shi a kan benci.

"Baba, me bakanike ya yi maka?"

Baba ya gyara tabarau. "Ni? Wa ya ce?"

"Ba wanda ya ce. Na dai san 'yan hirarku."

Sai ya fashe da bayani. Ashe ƙungiyar ƙwallonsa aka ci, bakanike kuma ya yi ta tsokanarsa a gaban jama'a. Shi ne ya haɗa abokan hira suka danna masa alama, don ya ji a jikinsa.

"Da manhajar ta biye muku, masu motoci ba za su ƙara ganin saƙonsa ba," in ji Auta. "Kuma makinku duk ya sauka."

"Ya sauka? To ki mayar mini mana, ba ke ce a wurin ba?"

"Ko ni ban isa ba, Baba. Sai ka sake tarawa."

Ya yi ta mita, amma ya cire alamar, ya kira sauran suka cire. Da bakanike ya ji labari ya yi dariya har da riƙe ciki, ya zo da kansa ya zauna a bencin. Auta ta kawo musu ruwa ta bar su suna musun ƙwallo. Tana shiga gida ta jiyo Baba yana cewa, "Ka ga 'yar nan tawa? Ko ubanta ba ta ɗaga wa ƙafa."